Shukar da Aka Hana Ta Taɓa Ƙasa

Kwana kaɗan bayan ruwan farko na daminar bana, 'yata Nafisa ta ɗauki fartanya ta shiga kankare tsakar gida. Ba mu daɗe da dawowa ba. Tashin hankalin da ya kori mutanen yankinmu na Jazira daga gidajensu bai tsallake mu ba, muka yi gabas har Gadarif, muka zauna a ɗakin aro damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Da muka komo ƙauyenmu na kusa da Wad Haddad, bango muka tarar da sararin sama. An cire ƙyaure, an kwashe kwanon rufi, tukwanen da na bari a rataye duk sun zama tsingaro.

Ina zaune ina tsince dawa sai na ga ta nufi gindin tsohuwar rakuba, wato rumfar da muke shan inuwa. Ƙasar wurin ta yi ɗigo-ɗigon kore, wasu 'yan tsirrai ne masu siraran ganye bibbiyu. Ban san lokacin da na watsar da faifan ba.

“Tsaya! Kada ki taɓa!”

Ta juyo a razane, ta zaci maciji na gani. “Yumma, haki na fa. Gash sakit.” Wato, Mama, ciyawa ce kawai. Yaran yanzu ke nan, rabin magana Hausa, rabi Larabci.

Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara, na sa ido sosai. Ba ciyawa ba ce. Na san waɗannan ganyen bibbiyu, na taɓa zama ina gadinsu a wata bazara da ta wuce shekara ashirin da ɗoriya, Nafisa tana cikina. Na ce ta ajiye fartanyar ta zauna in ba ta labari.

Ni 'yar garin Rufa'a ce. A gidan mahaifina akwai lemun tsami a bakin rijiya da darbejiya a ƙofar gida, na tashi ina ganin hakan kamar kowane gida haka yake. Da aka kawo ni ƙauyen nan aure, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne babu bishiya ko ɗaya a gidan, babu kuma ɗakin ƙasa. Bukkokin kara ne da rumfa, shi ke nan. Na ɗauka talauci ne, ashe doka ce, kuma mai dokar shi ne surukina, wanda muke kira Baba.

Mahaifin Baba ya baro ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar Makka. Da guzuri ya ƙare, ya tsaya a Jazira ya tsinci auduga damina ɗaya don ya ƙara gaba. Daminar nan ɗaya ita ce ta yi ta haihuwa har ya tsufa. Da zai rasu ya riƙe hannun Baba ya sa shi alkawari: kada ya yi gini da laka, kada ya dasa abin da zai riƙe shi, domin su matafiya ne. Baba ya riƙe maganar nan da haƙora. Bai taɓa kiran wurin nan gida ba, zango yake ce masa. A ƙofar bukkarsa akwai sanda da salkar ruwa a rataye, kowace shekara sai ya sauke salkar ya shafe ta da mai don kada ta bushe kafin ranar tafiya. Dawa da auduga ya yarda a shuka, tunda ana girbe su a tashi. Ban da su, ko barkono ba a kafa wa saiwa a tsakar gidansa.

Da fari abin dariya yake ba ni. Na daina dariya a sanyin shekarata ta biyu. Iskar arewa ta riƙa ratsa karan bukkata kamar babu komai a tsaye, na toshe da tsumma, na toshe da buhu, duk a banza. Ɗana na fari yana da 'yan watanni, ƙirjinsa ya kama, ya yi ta tari har ya daina, muka binne shi. Allah ne ya yi, na sani, amma na ji haushin bukkar nan, na kuma ji haushin dokar da ta hana a yi mini bango. Da na sake samun ciki a farkon bazara, na lissafa na ga haihuwar a tsakiyar sanyi za ta faɗo. Na ce wa maigidana ni ɗakin ƙasa nake so, mai bango da ƙyaure. Ya je wurin mahaifinsa, ya dawo kansa a sunkuye. Amsar ita ce ta kowace shekara: “Gini na mi? Bana za mu tashi.”

A cikin wannan hali yayana Usman ya zo ganin gida daga Jidda, inda yake aikin ban ruwan furanni a gidajen masu hali. Ya biyo ta ƙauyenmu ya gaishe ni. Surukata, Inna, ta sami turare, maigidana ya sami hula, ni kuwa sai ya miƙo mini wani ɗan ƙullin leda. Na kwance, na ga 'yan ƙwayoyi baƙaƙe-baƙaƙe, ba su kai gero girma ba.

“Yaya, duk Jidda wanga kaɗai kag gano mani?”

Ya yi dariya. “Ke dai shuka ki gani. Can a tukunya suka rataye shi, shi zubo ƙasa hwari tas awa azurhwa. Amma ki ji ni da kyau, ba shi son a binne shi, kuma ba shi son ruwa da yawa.”

Na ce to, amma maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Wa ya taɓa jin shukar da ba ta son ruwa a Jazira, inda mutane ke faɗa a kan wanda za a fara buɗe wa ruwa?

Saura izini. Suruka ba ta tsayawa gaban uban miji ta yi magana, don haka na bi ta wurin Inna. Inna mace ce mai wayo, ta daɗe da sanin inda dokar mijinta take da ƙofa. Ta ce masa gwangwani ai ba ƙasa ba ne, abin da aka rataye kuwa kaya ne, ana iya ɗauka a tafi da shi. Ya sa aka kira ni. Na durƙusa daga nesa, na ja mayafi, idona a ƙasa.

“Ɗiyar Rufa'a,” haka yake kirana, “an ce irin ga daga Jidda yat taho?”

“I, Baba.”

“Ikon Allah. Mu muna nan muna neman hanyar zuwa can, shi ko ya baro can ya taho nan. Wanga iri ba shi da hankali.” Inna ta ƙyalƙyale da dariya, shi ko murmushi bai yi ba. “Ki shuka a gwangwani, ki rataye. Amma ki ji sharaɗi. Ran da tat taɓa ƙasa, a yanke ta.”

Na ce na yarda. A raina na ce yaushe abin da ke cikin gwangwani a sama zai taɓa ƙasa.

Shukar farko manoma suka yi mini ita, wato maigidana da Inna, kowa yana nuna gwaninta. Aka ɗebo baƙar laka daga hawasha, gonarmu ta ban ruwa, aka cika gwangwanin mai da ita. Maigida ya luma babban yatsa, ya zuba ƙwayoyin kamar mai shuka dawa, ya danne. Inna ta kwarara ruwa har ya kwanta a sama, ta ce haka ake yi wa sabuwar shuka. Muka jira, shiru. Lakar ta bushe ta yi tauri kamar dutse, aka ƙara ruwa, ta koma kunu. Da na gaji na tona, ƙwayoyin sun ruɓe suna wari. Rabin tsarabar yayana ta tafi a haka, sannan maganarsa ta dawo mini.

Karo na biyu ban nemi taimakon kowa ba. Na sami gwangwani biyu, na huda gindinsu da ƙusa. Na je tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, wadda a lokacin an rufe ta ta ƙafe, na ɗebo yashi daga cikinta. Na haɗa da ƙasa kaɗan da tsohon kashin awaki da ya zama gari. Na jera ƙwayoyin a sama, na barbaɗa musu yashi ɗan abin da zai rufe musu ido, na yayyafa ruwa da yatsu, na lulluɓe bakin da tsumma mai laima. Na sa su a ragaya, igiyar da muke rataye ƙwaryar nono, na ɗaura a rakuba inda rana ke leƙowa da safe.

Bazarar shekarar ba ta da kunya. Tun hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Lakar gonaki ta tsattsage, tsagar har ƙafar ɗan akuya take haɗiyewa. Da rana kaji sukan kwanta a gindin zir, babban tulun ruwanmu, bakinsu a buɗe, ko ka kore su ba sa motsi. Ruwa kuwa a ganga ake kawo shi a keken jaki daga nesa, kuma Inna ce ke riƙe da moɗa. Tana da tsarinta: na sha, na girki, na alwala, sannan wanda aka wanke kwanuka da shi a ba awaki. Da ta gan ni ina ɗiba zan kai wa gwangwanaye, ta riƙe mini hannu.

“A'a, ɗiyata. Abin da ba a ci, ba a sha, ba a ba dabba, ba shi shan ruwan zir.”

Gaskiyarta ce, ban yi musu ba. Na tsaya ina tunani, sai idona ya kai kan Baba. Yana da wani dutse a bakin rakuba inda yake zama ya yi alwala, ruwan ya zuba a ƙasa, ƙasa ta shanye nan take. Na samo wani tsohon kasko na ajiye a gaban dutsen. Da azahar ya zo da butarsa, ya dubi kaskon, ya dubi gwangwanayen. Ya zauna ya yi alwalarsa a ciki. Baba mutum ne mai tsimin ruwa, abin da ke taruwa bai fi cikin tafi biyu ba. Da shi na riƙa raya shukar, ina ta jin tausayinta wai tana cikin ƙishi, ban san iyakar abin da take so ke nan ba.

Wata safiya na ɗaga tsumman na ga sun fito, siraran ganye bibbiyu, kore shar. Na kira Inna da murna. Ta leƙa, ta taɓe baki.

“Azurhwar ke nan? Wanga ko bayan ɗakina akwai shi, kyauta.”

Na ji kunya, na zagi Usman a zuci. Amma bayan wasu kwanaki ganye na uku ya ɓullo a tsakiya, ɗan kewayayye kamar kunnen ɓera, kuma ba kore ba ne. Fari ne mai toka-toka, yana sheƙi, in ka shafa shi laushinsa kamar kunnen ɗan akuya sabon haihuwa. Na tsaya ina kallo na ma manta da wutar da na hura.

Nan kuma wata rigima ta taso. A wurin manomin auduga, ganyen da ya yi fari ganye ne mai ciwo. Maigida ya duba ya girgiza kai, ya ce ƙwari sun kama ta. Inna ta ce a'a, ƙura ce ta toshe ta, wanka take so. Na ce haka Allah ya halicce ta, suka dube ni kamar 'yar birni ta zo koya wa manomi noma. Ranar da na je gaisuwar rasuwa a maƙwabta, suka haɗu a kan gwangwani ɗaya don su cece shi. Inna ta sa tsumma ta goge ganyen ɗaya bayan ɗaya, har ta saki hannu ta ba shi ruwan zir ɗin da ta hana ni. Maigida ya fesa masa ragowar maganin auduga. Kafin jibi ya yi baƙi ya kwanta. Na yi kuka, na yi masifa iyakar wadda suruka za ta iya yi, wato na ƙi cin abinci na yini ɗaya. Gwangwani na biyu kuwa na ce duk wanda ya ƙara yi masa magani, ni da shi ne.

Lokacin ruwa ya yi, ruwa bai zo ba. Kullum da yamma maza sukan fita bayan gari su tsaya suna duban kudu, inda hadarinmu ke tasowa. Hadari ya haɗu ya yi baƙi, a yi ta murna, a kwashe shanya, sai iska ta zo da ƙasa ta watsa mana a ido ta wuce. Aka fita roƙon ruwa, aka sake fita. Dawar da ke rumbu ta ja baya har Inna ta koma shiga ciki da tsintsiya. Muka koma cin kisra, siririyar wainar dawa, sau ɗaya a yini, ita ma shafal-shafal har kana ganin hasken rana ta cikinta, da miyar busasshiyar kuɓewa ba mai ba nama. Ni mai ciki Inna takan tura mini rabin nata a ɓoye ta ce ta ƙoshi. Awaki suka fara cin tsumma da takarda. Yunwar ba mai kayar da mutum ba ce, mai sa shi shiru ce, gidan duk ya daina hira.

Baba ya ce wannan alama ce, mun daɗe a zango fiye da kima. Ya sauke salkarsa ya shafe ta da mai ba lokacin shafawa ba, ya ce wa maigida ya fara neman wanda zai karɓi awaki. Wannan karon ba maganar kowace shekara ba ce, har Inna ta tsorata. Ni kuwa na rasa wanda ya fi ba ni tsoro, in haihu a kan hanya ko in haihu a bukkar da ta ci mini ɗa.

To a cikin wannan ƙunci ne shukar ta tashi. Duk abin da ido ke gani a ƙauyen ya zama ruwan ƙasa, gona da daji da rufin ɗaki, ita kuwa ta cika gwangwani, ta leƙo baki, ta fara zubowa. Rassanta sirara kamar zare, kowanne jere da 'yan ganyen nan farare. Da tsakar rana takan yi laushi ta sunkuya, in ce yau kam ta tafi. In na zuba mata ruwan alwalar la'asar, kafin magariba ta miƙe kamar ba ita ba. In iskar yamma ta kaɗa ta, rana ta bugi ganyen, sai ka ga haske yana gudu daga sama zuwa ƙasa kamar ruwa na kwarara, a garin da babu ruwa. Wallahi sau da yawa nakan tsaya da muciya a hannu ina kallo. Ban taɓa ganin abu mai rai da ya ƙoshi da kaɗan haka ba.

Matan unguwa suka riƙa shigowa kallo, wata ta ce tsarki ya tabbata ga Allah, wata ta tambaya ko ana miya da ita. Inna da ta raina ta ita ce ta koma mai yi wa baƙi bayani, ita ta raɗa mata suna ma. Ta ce tunda da ruwan alwalar tsoho ta girma, ga shi ta ɗauko farin gashin kansa, sunanta Hurhurar Baba.

Amma tana girma tana kusantar ƙasa, kuma ban manta da sharaɗi ba. Shi ma bai manta ba. Kowace safiya in ya fito, sai ya tsaya ya sa sandarsa tsakanin bakin reshe da ƙasa, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Saura kamu guda.” Ni kuma in ya shiga sai in hau turmi, da cikina da komai, in ƙulle igiyar ragaya ta ƙara sama. Gobe ya auna ya ga ta ƙara nisa, ya yi gyaran murya ya wuce. Haka muka yi ta yi, ina ƙulli yana awo, har gwangwanin ya tokare da rufin rakuba, babu sauran inda zan ja shi.

Sannan ruwa ya zo. Da hantsi ne, ba ma lokacin da ake sa rai ba. Iska ta tsaya cak, kaji suka shige ƙarƙashin gado, sai ɗigo ɗaya mai nauyi ya faɗo a kan kaskon alwala, tas. Kafin mu kwashe kaya sama ta buɗe. Ƙamshin ƙasa ya tashi har yana sa mutum jin yunwa. Tsagar laka ta riƙa shan ruwa tana ƙara kamar mai kwankwaɗar kunu, har ta ƙoshi ta rufe bakinta. Inna ta fito tsakiyar gida ta tsaya, tsohuwa da ita, hannuwa a sama, ruwa na dukanta. Muka tara a zir, a tukwane, a kwanuka, har a turmi.

Da yake shuka ta makara, gari duk ya fita gayya, yau gonar wannan gobe ta wancan. Maza a gaba da sungumi suna sara, mu mata a baya muna jefa iri muna rufewa da diddige. Lakar Jazira in ta jiƙe takan kama ƙafa ta yi mata takalmi mai nauyi, kowane taku sai ka yi kokawa da ita. Tun asuba muke fita sai magariba, a dawo a faɗi kamar matattu. Baba kaɗai ake bari a gida saboda gwiwoyinsa. Kwanakin nan ko ɗaga kai ban yi na dubi ragaya ba.

Wata rana bayana ya riƙe, Inna ta ce in koma gida tun la'asar. Ina shiga na gani. Laimar damina ta sa ta yi tsalle, rassa sun sauko sun kwanta a ƙasa, wasu har sun fara rarrafe.  Alkawari alkawari ne, kuma na fi son in yanke da hannuna da a yanke mini. Na shiga na ɗauko wuƙar da muke yanka kuɓewa, na durƙusa, hawaye na zuba.

Da na kama reshe na farko zan ɗaga, sai ya ƙi tasowa. Na duba. An ɗora masa ɗan tsingaro a kai, an danne shi da ƙasa. Na duba na kusa da shi, shi ma haka, da na gaba. Kowane reshe da ɗan abin da aka danne shi da shi, an jera su a tsanake, ƙasar wurin an tausasa ta da yatsa. Na ɗaga tsingaro ɗaya a hankali, na ga fararen saiwoyi ƙanana sun riga sun shige ƙasa.

“Aje wuƙar ga, ɗiyar Rufa'a.”

Yana zaune a kan buzunsa a ƙofar bukka, ban ma lura da shi ba. Na ja mayafi.

“Baba, kai kac ce ran da tat taɓa ƙasa...”

“Ni nic ce. Ban mance ba.” Ya ja carbi, idonsa a kan shukar. “Kun tahi gona kun bar ni da ita. Ina zamne ina kallo, iska na jan ta nan, tana jan ta can, bakinta na ta shahwar ƙasa tana neman wurin kamawa, ba ta samu. Na ce ba ni taɓa ta. Na tashi na shiga ɗaki. Na hito, tana nan tana nema.” Ya buɗe tafin hannunsa ya dube shi kamar shi ne mai laifin. “Hannun manomi na, ba shi jin magana.”

Na ajiye wuƙar a ƙasa.

“Abin ga ya baro inda nika mafarki tun ina yaro,” ya ce, “ya zo har nan, kuma bai raina ƙasarmu ba.”

Ƙasarmu. Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa a kan wurin nan ba. Ina jin shi ma ya ji ta. Can ya ce, “In ruwa ya ɗauke, ki ce ma mijinki shi kwaɓa laka. Jikana ba shi shan sanyin da wancan yas sha.” Na kifa kaina a gwiwa ina kuka sosai, na manta da kunyar suruki. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ƙara da cewa, “Amma ƙohwa ta dubi gabas.”

Amfanin shekarar bai yi auki ba, mun dai samu na kaiwa baki. Da kaka maƙwabta suka taru, aka kwaɓa laka da ƙaiƙayi, aka ɗora bango sahu-sahu, ana bari ya sha iska a ƙara. Shi ne ɗakin ƙasa na farko a gidan. A cikinsa na haifi Nafisa, iskar arewa na kuka a waje, ko fitila ba ta kaɗa ba. Baba bai taɓa kwana a ɗakin ba, ko sau ɗaya. A bukkarsa ya rasu bayan 'yan shekaru, salkarsa na rataye a ƙofa da sabon mai a jikinta. Bai ga Makka ba. Hurhurarsa kuwa ta zauna da mu, a ragaya da kuma a ƙasa, tana yin 'yan furanni da ido bai cika gani ba, tana zubar da ƙwayoyinta a gindin rakuba shekara da shekaru.

Da na gama, Nafisa ta dubi 'yan tsirran, ta dube ni. Ta san shukar sarai, a ƙarƙashinta ta yi rarrafe, amma ba ta taɓa ganin ta tana jaririya ba. Na ce ta jira ganye na uku. Ya fito kuwa, fari, mai laushi, kamar na wancan lokaci. Har yanzu abin yana ɗaure mini kai. Uwar ta bushe tun bazarar farko da muka gudu, an tattake wurin, rana ta gasa shi, babu mai zuba ko ɗigo. Ƙwayoyin nan suna kwance a ƙasa suna jira, mu da muka gina bango muna can muna kwana a ɗakin aro. Gabas ɗin da Baba ya yi ta kira mana mun yi ta a ƙarshe, a ƙafa, da abin da kai zai iya ɗauka, kuma a hanyar na tuna da salkarsa fiye da sau ɗaya.

Yanzu damina ta yi nisa. Mun samu an rufa mana rabin ɗakin, rakuba ta tashi da sabbin kara, rassan kuma sun fara rarrafe a gindinta. Jiya da la'asar na fito alwala na tarar da Nafisa a durƙushe da gwangwanin madara, tana huda gindinsa da ƙusa.

“Mi za ki yi?”

“In ɗebi kaɗan in sa a nan, Yumma, in rataye.” Ba ta ɗago kai ba. “In anka sake cewa a tashi, mu ɗauka mu tahi da ita.”

Na tsaya da buta a hannu. Yarinyar da aka karya doka aka yi gini dominta, wadda ko fuskar kakanta ba ta iya tunawa, ga maganarsa a bakinta. Na buɗe baki zan ce mata babu inda za mu sake zuwa, na ga ba ni da wannan alkawarin da zan ba ta. Na nuna mata yadda za ta haɗa yashi da ƙasa, na ce kada ta cika ruwa.

Ta ɗebi nata ta tafi neman igiya. Iska ta taso, na ga wani reshe a gefe yana ta shafar ƙasa, yana zuwa yana dawowa. Na zauna a kan dutsen Baba na yi alwala, na miƙa hannu na ɗauko tsingaro ɗaya daga fasassun tukwanena, na ɗora masa a kai, na zuba masa ruwan da ya rage a buta.